Abin da sikeli ya koya min a harkar tirela

Shekara huɗu na yi ina rubuta lodi a wani kamfanin sufuri a Kano, yawanci hatsi muke ɗauka daga Dawanau. Lokacin da na fara, lissafina ɗaya ne, in dai bodi bai cika ba to akwai sauran wuri, a ƙara buhu. Maigida ma haka yake so, tunda man da mota za ta sha kusan ɗaya ne, ƙarin buhu hamsin kuwa riba ce tsantsa.

Wani dattijon direba ne ya fara taka min birki. Na ce masa baba ai DAF ɗin nan za ta ja, ya kalle ni ya ce yaro ja ba shi ne magana ba, tsayawa ita ce magana. Ban gane ba sai da na bi shi tafiya kudu, muna sauka wani dogon gangare na ji ƙaurin birki har cikin gaban mota, shi kuwa ya sa ƙaramar giya yana ta salati ƙasa-ƙasa, yaron mota ya riƙe wejin katako a hannu kamar zai yi wani amfani. Inji yana iya jan kayan tan 45, amma birki da taya da sifirin ba a yi su don haka ba.

Darasin da ya fi cin kuɗi a Nijar muka same shi. Can suna bin doka mai lamba 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, kuma ECOWAS ta fitar da irinta a 2012: tirela mai aksil shida (aksil shi ne sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama) kada ta wuce tan 51 har da nauyin motar kanta, aksil ɗin gaba tan 6, na baya guda ɗaya mai tayoyi bibbiyu tan 12, tsayi daga ƙasa zuwa sama mita 4. To ni jimilla kawai na lissafa, na ga ba mu kai 51 ba na saki jiki. Ashe sikelin aksil-aksil yake aunawa, kuma 'yan dako sun jibge kayan a baya saboda nan ya fi musu sauƙi. Aka ci mu tara, aka ce sai an gyara lodin, muka kwana biyu muna biyan wasu 'yan dakon a bakin titi, maigida yana ta kira ina kashe waya.

Da haushi nake ji, ina ganin neman kuɗi ne kawai. Daga baya wani injiniya ya yi min bayani cewa tun gwajin da aka yi a Amurka wajen 1960 aka gano in ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Bida zuwa Lambata da damina ya san ba tatsuniya ba ce.

A gida Najeriya kuma 'yan rod sefti sun ce tirela kilomita 60 a awa ko a babban titi, amma obalodi ko a 40 kake taya tana zafi ta fashe. Yanzu kafin in sa hannu a takarda sai na zagaya mota na leƙa sifirin, in na ga ya miƙe ya kwanta sai a sauke, 'yan kamasho har suna suka sa min, wai Malam Sikeli.