Ranar da Azumi Biyu Suka Haɗu a Makarantarmu

Laraba, 5 ga Maris 2025, daidai da 5 ga Ramadan 1446.

Na tashi ƙarfe uku da rabi na dare, kamar yadda nake yi tun ranar Asabar da aka ɗauki azumi. Ni ne malamin da aka ɗora wa kula da masallacin makaranta da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma a makarantar kwana irin tamu, idan watan Ramadan ya kama, wannan aiki daga kicin yake farawa. Da na isa na tarar an riga an sauke shinkafa da wake, ana zubawa a manyan robobi, hayaƙin itace ya cika rumfar har ido yana yaji. Uku daga cikin matan da ke yi mana girki Kiristoci ne, kuma babbarsu, wadda yara da malamai duka muke kira Mama, ita ce ke fara zuwa kullum. Na ce mata, "Sannu da aiki, Mama, Allah ya saka da alheri." Ta share gumi da gefen zaninta ta ce, "Yauwa Malam, ai yau mu ma mun shiga namu." Maganarta ce ta tuna mini cewa yau Larabar Toka ce, ranar da Kiristoci da yawa, musamman 'yan Katolika, suke fara azuminsu na kwana arba'in da zai kai su bikin Ista.

A layin karɓar sahur na hangi wani yaro ɗan aji biyu wanda bai kamata in gan shi a wurin ba. Sunansa yana cikin takardar da ma'aikaciyar jinya ta ba ni tun kafin a ga wata, takardar yaran da ke da lalurar da azumi zai iya tsananta musu, shi kuwa sikila gare shi. Ya riƙe kwanonsa yana kallon ƙasa, abokansa na gabansa da bayansa. Na yi niyyar kiransa, sai na tuna irin kunyar da zai ji idan na fitar da shi daga layi a gaban jama'a, na ce a raina bari in bari sai bayan sallar asuba in same shi shi kaɗai. Bayan sallar kuma sai batun ruwa ya ɗauke mini hankali, domin kwana biyu ke nan babu wutar da za ta tura ruwa zuwa tanki, kuma butocin masallaci duk sun bushe. Ni da Amir na ƙungiyar muka tsaya muna tsara waɗanda za su je rijiyar burtsatse da jarkoki kafin azahar, har gari ya waye ban nemi yaron ba. Wannan sakaci nawa ne, kuma na rubuta shi a nan domin kada in manta da shi.

Wajen ƙarfe shida da rabi Fada, limamin cocin Katolika, ya iso daga cikin gari a kan babur. Abokiyar aikina, Malamar da ke kula da ɗalibai Kirista, ta riga ta sa an share zauren da suke ibada a ciki. Zaurensu da masallacinmu suna kallon juna, filin ƙwallo ne kawai a tsakani. A ƙofar masallaci akwai allon MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, a ƙofar zauren kuma akwai na FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, wadda ta faro daga Gindiri a 1957, kuma na sha tsayawa ina tunanin cewa kusan shekara saba'in ke nan waɗannan ƙungiyoyi biyu suna renon yaran makarantun ƙasar nan, galibi ta hannun malaman da babu wanda ke biyansu ko sisi a kan wannan hidima. Malamar ta taɓa yi mini bayanin cewa tokar da ake shafawa a goshi ana samo ta ne daga ƙona ganyen dabinon da aka yi amfani da shi a bikin Lahadin Dabino na shekarar da ta gabata, kuma yayin shafawar ana tuna wa mutum cewa daga turɓaya ya fito kuma ga turɓaya zai koma. Ranar da ta faɗa mini haka, abin da ya faɗo mini a rai shi ne aya ta 55 a cikin Suratu Ɗaha, wadda muke karantawa a bakin kabari sa'ad da muke zuba ƙasa.

A wurin taron safe aka samu matsala. Wata babbar ɗaliba da ke duba tsabta, Musulma ce kuma yarinyar kirki, tana bin layi tana duba farce da kayan makaranta, sai ta ga wata ƙaramar yarinya 'yar aji ɗaya da baƙin abu a goshi. Ta ɗauka datti ne, ta ce mata ta goge yanzu-yanzu. Yarinyar ta ƙi, ta kuma kasa yin bayani saboda tsoro, sai hawaye kawai. Ina tsaye nesa kaɗan na ga babbar ta ɗaga hannu da hankici za ta goge mata da kanta, na yi sauri na isa na ce, "Dakata, 'yata, wannan ba datti ba ne, ibadarta ce." Nan take jikinta ya yi sanyi, ta ce, "Wallahi Malam ban sani ba," ta juya ta ba yarinyar haƙuri ba tare da na umarce ta ba. Na gaskata ta, domin daga garin da ta fito da wuya a ce ta taɓa ganin wannan al'ada. Laifin namu ne mu manya, da muka san ranar tana tafe amma ba mu sanar da shugabannin ɗalibai ba.

Bayan an watse na bi Mataimakin Shugaban makaranta zuwa ofishinsa, ni da Malamar. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin ya kamata a farkon kowane zango mu zauna mu fitar da ranakun ibada na ɓangarorin biyu, a karanta wa shugabannin ɗalibai, a kuma kai wa masu kicin." Malamar ta ƙara da cewa 'yan Katolika ba sa cin nama yau da kowace Juma'a har azuminsu ya ƙare, don haka a riƙa ware musu miya kafin a zuba nama. Ya amince, ya ce mu rubuto. Ya kuma tuna mana abin da yake yawan faɗa, wato sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba. Ina girmama wannan doka, sai dai abin da ya faru a layi yau ya nuna mini cewa ba ta iya isa goshin yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya sai idan akwai babban da ke tsaye kusa, wanda ya san abin da yake gani.

A ɗakin malamai hirar duk a kan rufe makarantu ce. Jihohin Kano da Katsina da Kebbi da Bauchi sun ba da hutu saboda azumin bana, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, CAN, kuma ta nuna rashin amincewarta, mu a nan jihar Kaduna kuwa muna ci gaba da karatu. Wasu abokan aikina suna ganin hutun shi ne daidai, ganin yadda zafi ya fara tsananta, wasu suna ganin asarar karatu ce ga yaran da jarrabawar fita ke gabansu. Da aka nemi ra'ayina na ce ban ga laifin mai son sauƙaƙa wa yara ba, amma ni na fi son yaro ya koyi yadda ake haɗa azumi da aiki tun yana ƙarami, muddin makaranta za ta ɗauki nata nauyin, ta rage tsawon darasi, ta ɗage wasannin motsa jiki da noman gandu, ta tabbatar akwai ruwa da abincin kirki. Idan ba za a yi waɗannan ba, to gara a sallami yaran su tafi gaban iyayensu.

Ban gama rufe baki ba aka aiko kirana daga ɗakin shan magani, ƙarfe goma sha biyu ta ɗan wuce. Yaron nan ne. Na same shi kwance ya dunƙule, yana riƙe da gwiwarsa, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, idanunsa sun ɗan yi ruwan ɗorawa. Ma'aikaciyar jinya ta ce ciwon ne ya motsa, kuma rashin ruwa a jiki yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da shi, domin jinin yakan yi kauri ya toshe ƙananan jijiyoyi. Ta ajiye kofin ruwa da magani a kan kujera, amma ya ƙi taɓawa, ya ce sai an kira sallar magariba.

Na zauna a bakin gadon na ce, "Ɗana, me ya sa ka ɗauki azumi alhali an ce ka dakata?" Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Malam, a ɗakinmu kowa yana ƙirga nasa, kuma suna duba harshen mutum su gani ko ya sha ruwa. Jiya wani ya ce duk wanda bai yi azumi ba ya bi Kiristoci ɗakin cin abinci." Maganar ta soke ni, domin ta ƙunshi cuta biyu: an raina uzurin mara lafiya, an kuma mai da 'yan uwan zamansu abin gori. Na tambaye shi ko ya haddace ayoyin azumi na cikin Suratul Baƙara, ya ce ya haddace. Na ce ya karanta mini aya ta 185. Ya karanta a hankali yana cije baki saboda ciwo, har ya zo inda Allah ya ce wanda ya kasance mara lafiya ko a kan tafiya sai ya rama a wasu kwanaki, kuma Allah sauƙi yake nufi da ku, ba tsanani yake nufi da ku ba. Na ce, "To wa ya ba ka izinin shan ruwan nan, ni ne ko Ubangijin da ya wajabta azumin?" Na ƙara masa da abin da ke cikin Risala, littafin da mahaifinsa ma na tabbata ya karanta a zaure, cewa azumi bai hau kan yaro ba sai ya balaga. Ya dube ni, ya dubi kofin, ya ce, "Malam, ba za a rubuta mini zunubi ba?" Na ce, "Ko ɗaya, ɗana. Yi bisimilla ka sha." Ya karɓa da hannu biyu ya shanye, aka ƙara masa, sannan ya haɗiyi maganin.

Na fito na tsaya a inuwar dalbejiya na ɗan lokaci kafin in wuce masallaci. Shekara da shekaru ina tsara jadawalin limamai da masu kiran salla da masu jan baƙi a tafsiri, amma ban taɓa tsara inda yaro Musulmi mai uzuri zai ci abincin rana ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Haka nan 'yan matan da ke fashin salla, waɗanda uwar ɗakin kwanansu ta sha gaya mini cewa wasunsu sukan wuni da yunwa don kada a gane halin da suke ciki. Bayan azahar na koma kicin na roƙi Mama ta riƙa aika kwanuka a rufe zuwa ɗakin shan magani da kuma ɗakin uwar ɗakin kwana, ba tare da an rubuta sunan kowa a kai ba. Ta ce wannan ai mai sauƙi ne, da ma an faɗa mata tun farko.

An sha ruwa wajen ƙarfe bakwai saura ashirin, da dabino bibbiyu da kunun tsamiya da ƙosai. Wasu daga cikin ɗalibai Kirista ne suka taya mu jera kofuna a kan tabarmi, har da yarinyar da aka so goge wa goshi, tokar tana nan ta ɗan dushe saboda gumi. Bayan sallar asham na karɓi lasifika daga hannun Amir, ban ambaci sunan kowa ba, na yi magana a kan masu uzuri, na ce daga yau duk wanda aka kama yana duba harshen wani ko yana yi masa gorin azumi zai gamu da ni, kuma ɗakin cin abinci na makaranta ne, babu wanda shigarsa za ta zama abin zagi. Masallacin ya yi tsit. Na ga wasu manyan ɗalibai sun sunkuyar da kai, na kuma san ba a dare ɗaya za a daina ba, don haka na ce wa Amir ya sa shugabannin ɗakuna su zo mu zauna gobe bayan la'asar.

Kafin in dawo gida na kira mahaifin yaron a waya. Na ce, "Alhaji, a gafarce ni, na ga yaron nan a layin sahur ban hana shi ba." Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma da suka yi waya ranar Lahadi ya yaba masa da ya ji ya kai azumi biyu, bai yi tunanin abin da yabon zai jawo ba. Ya ce zai zo ranar Asabar ya yi masa magana da bakinsa, ya kuma kai shi asibiti a duba shi. Na leƙa ɗakin shan magani na tarar ciwon ya lafa, yaron yana barci, an ajiye masa gorar ruwa a gefen matashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce za ta kwana kusa da shi, idan kuma ciwon ya dawo cikin dare za ta aiko a tashe ni mu fita da shi a motar makaranta. Yanzu ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, takardar ranakun ibada da muka yi alkawarin kai wa Mataimakin Shugaba tana gabana na rubuta rabi, sauran sai Malamar ta cike nata ɓangaren da safe.