Silinda ta uku ce ta raba gardama

Asabar, da dare.

Yau na huta da wasiwasin da ya hana ni sukuni wata biyu: in ɗora wa Civic ɗina ta 1998 turbo, ko in sauke injin D16 ɗin in sa wani.

Tun farko zuciyata tana wajen turbo. Hayaƙin da ke fita a banza ta salansa shi zai juya fanka, fankar ta cusa iska cikin silinda, a ƙara mai, ƙarfi ya tashi. Har na rubuta abin da zan nema: manyan nozul, famfon mai, na'urar sanyaya iska, da wanda zai sake saita kwamfutar motar don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Ƙarin matsin iska na psi 7 kacal nake so.

Da safe makanike ya ce sai an auna matsin silinda tukuna. Ya kwance filogi huɗun, ya ɗaura agogon awo, ni kuma ina murza makulli. Silinda uku sun ba da wajen psi 180. Amma mai lamba uku ta tsaya a 125. Ya ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin filogin muka sake, allura ta haura 160.

"Maigida, ringi ne ya cinye," in ji shi. "Ka matsa wa wannan iska, ba zai kai ka ko'ina ba."

Wallahi raina ya sosu, don shekara tara ke nan injin nan bai taɓa barina a hanya ba. Amma gaskiya ya faɗa. Turbo ba ya gyara injin da ya gaji, zafi da matsi yake ƙara masa. In zan buɗe shi in canza fistan da ringi, sannan in sayi turbo, na yi aiki biyu.

Sai muka koma maganar canji. Injin K20 ya fi ƙarfi, sai dai juyinsa ya saɓa wa na injinan D da B (dangin D16 da B18C), dole sabon giyabos, sababbin kujerun inji, a kuma sake wayarin. B18C kuwa zai zauna ba tare da yanke-yanke ba, ga ƙarfin doki 170 ba tare da an takura masa ba. Shi na zaɓa, da sharaɗin a auna matsinsa a gabana kafin in biya.

A hanyar dawowa na kashe rediyo, ina sauraren tsohon injina har gida.