Mutane sun faɗi dalilinsu, oga ya goge shafin

Yanzu da na miƙa takardar ajiye aiki kuma an sa mata hannu, ina ganin zan iya yin wannan maganar ba tare da wani ya ce ina neman ƙarin girma ko ina yi wa wani zagon ƙasa ba. Ba zan kira sunan ofis ba, ba zan kira sunan kowa ba, waɗanda muka sha rana tare a fili sun san zancen da nake yi. Na rubuta ne saboda ƙannenmu da ke shigowa harkar binciken ra'ayin jama'a da zumuɗi, suna ganin da zarar ka kawo sahihan bayanai shikenan za a yi aiki da su.

Aikin da ya raba ni da wurin na wani shirin rajistar kiwon lafiya ne. An buɗe shiri, an kashe kuɗi, mutane sun ƙi zuwa. Sai aka ce sashenmu ya fita ya gano dalili domin a san irin saƙon da za a tsara. Toh tun a miting ɗin farko, kafin mu rubuta tambaya ko guda, oga ya riga ya faɗi amsa: wai rashin wayewa ne, mutane ba su san amfanin abin ba, a wayar musu da kai kawai. Daga baya ne ma na ji ashe an riga an yi magana da masu haɗa jingil na rediyo, an zana fosta, har an ware kuɗin bugawa. Mu dai aka ce mu je mu yi bincike.

Muka je. Tambayoyin e ko a'a duk sun fito fes, yawancin mutane sun ce sun san shirin, sun san inda ake yi, kuma suna goyon baya. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen rashin wayewa, don mutumin da ya san abu ya san wurinsa kuma bai je ba, ba labari ne ya rasa ba. Inda gaskiyar ta fito shi ne tambayar ƙarshe da muka bari a buɗe, da kuma ƙananan zaman tattaunawa da muka yi, maza daban mata daban matasa daban. A nan ne, bayan an ɗan saki jiki an ga ba mu da gaggawa, magana ɗaya ta yi ta dawowa daga bakin mutanen da ba su ma san juna ba: an taɓa zuwa a baya, wasu masu riguna da kati a wuya irin namu, suka karɓi sunaye da lambar waya suka ɗauki hotuna suka yi alƙawari, daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Mutane ba su bambance wancan ofis da wannan, kuma me zai sa su bambance? Fom iri ɗaya, magana iri ɗaya. Bayan wannan sai lokacin buɗe wurin rajista, wanda ya faɗa daidai sa'o'in da kowa ke wajen neman abin kansa, sai kuma wulaƙancin masu zama a tebur musamman ga wanda bai iya cika fom da kansa ba, a daka masa tsawa a gaban layi ya koma gida ya ba mutum goma labari.

Na zauna na rubuta babi guda a kan wannan, kuma har yau ina ganin shi ne aiki mafi kyau da na taɓa yi a wurin. Na ce a dakatar da jingil, a fara da komawa wajen mutanen a amsa maganar wancan alƙawarin ko da ba mu muka yi ba, a sauya lokacin buɗewa, a zauna da masu tebur. Duk abin da na lissafa bai kai kuɗin fosta ba.

Da ripot ɗin ya dawo daga teburin oga babin ya ɓace ɗungurungum. Na je na same shi, cikin ladabi wallahi, na ce ranka ya daɗe ina ga an samu kuskure wajen haɗa fayil. Ya ce babu kuskure. Wai masu ba da kuɗi ba su son jin ƙorafi, wai abokan hulɗarmu da ke kula da wurin rajistar za su ji haushi, sannan ya ƙara da wadda ta fi yi min ciwo, wai abin da na kawo hirar bakin titi ce ba data ba, shi lamba yake so. Sai ya ɗauki wancan adadin na masu goyon baya ya sa shi a shafin farko da manyan baƙaƙe.

Duk wanda ya taɓa riƙe tablet ya tsaya a ƙofar gidan mutum ya san darajar irin wannan "e" ɗin. Baƙo ya zo da kati a wuya ya tambaye ka ko kana goyon bayan shirin lafiya, me za ka ce? Mutum yana amsawa ne gwargwadon wanda yake zaton ya aiko ka, da abin da yake ganin zai biyo baya, ko tallafi ko matsala. Shi ya sa Afrobarometer, da suke wannan aikin a ƙasashen Afirka tun 1999, suke rufe hirarsu da tambayar mutum wa yake tsammanin ya turo su, saboda sun san da yawa gwamnati suke zato kuma zaton yana iya taɓa amsa. Mutanen da suka fi mu gogewa ke nan suna taka tsantsan da "e", mu kuma muka kafa kamfen sukutum a kanta.

Kuma son lamba ba laifi ba ne, ni ma da lamba nake cin abinci, amma a san wace lamba. A 1936 mujallar Literary Digest a Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai kayar da Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa. Aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da suka yi amfani da su yawanci daga kundin masu tarho da masu mota ne, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka damu suka mayar da takardar ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. George Gallup, wani mai binciken ra'ayi da ya tambayi mutane ƙalilan idan aka kwatanta, ya faɗi wanda zai ci daidai, mujallar kuwa ba ta kai ƙarshen 1938 ba. Na taɓa kawo wannan misalin a ofis, oga ya ce mu ba zaɓe muke yi ba. Amma ciwon ɗaya ne, yawan amsa ba ya gyara tambayar da aka yi wa wanda bai dace ba, ko aka yi ta yanda amsa ɗaya ce kawai mai sauƙin fita daga baki.

Aka saki jingil, aka manna fosta, aka yi taron ƙaddamarwa aka ɗauki hotuna. Layin rajista bai motsa ba. Da aka zo miting na bita, a gaban baƙi, ogan nan ya buɗe baki ya ce matsalar daga data ce, wai yana zargin yaran da suka fita fili sun zauna a gindin bishiya sun cika fom da kansu. Wannan ita ce maganar da ban yafe ba har yanzu, ina dai roƙon Allah ya sanyaya min zuciya. Yaran nan ni na horar da su, ina da wurin da kowace hira ta gudana a taswira, ina da tsawon lokacin da ta ɗauka, mun sake kiran wani kaso na mutanen don tabbatar an je musu da gaske, komai na nan a kwamfuta. Na ɗaga hannu aka ce lokaci ya ƙure. Wasu daga cikinsu ba a sake kiransu aiki ba, kuma a wannan harkar da zarar an ce kai mai cika fom ne toh sunanka ya gama yawo kafin ka ji, alhali su ne suka tsaya suka saurari abin da babu wanda ya so ji.

Abin da na fahimta a hankali shi ne, zancen "mutane ba su waye ba" yana da farin jini a ofisoshi saboda shi ne bayanin da ba ya taɓa kowa a cikin ofis. In jahilci ne, maganinsa saƙo, saƙo kuma akwai kasafinsa akwai mai kwangilarsa akwai hoton da za a nuna. In kuwa rashin yarda ne ko wulaƙanci ko lokacin da bai dace ba, dole wani a cikinmu ya canja yanda yake aiki, wani ya ba da haƙuri. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, an ga inda wannan ya kai lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo, cutar da ta kashe sama da mutum 11,000. Da farko saƙo aka yi ta turawa, ana zuwa da fararen kaya a ɗauke gawa dangi na kallo daga nesa, mutane suka koma ɓoye marasa lafiya, har a watan Satumba na 2014 aka kashe mutum takwas na wata tawagar wayar da kai a ƙauyen Womey a Gini. Abin ya fara sauƙi ne da aka zauna aka ji me ke damun mutane, aka sake tsarin binnewa yanda ba za a kamu ba amma dangi da malaman addini suna da wuri a ciki. Abin da ake yi ne aka gyara, saƙon ya biyo baya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in wanda ya tambaye shi yana da niyyar hawa rufin.

Wata 'yar Amurka, Sherry Arnstein, ta rubuta tun 1969 cewa shigar da jama'a cikin shiri matakai takwas ne kamar tsani, kuma ta sa sanarwa da tuntuɓa a tsakiya, cikin abin da ta ɗauka na ganin ido ne, saboda an ji bakinka amma babu tabbacin zai canja komai. Da na fara karantawa a makaranta na ɗauka tsaurin ra'ayi ne irin na masu rubutu. Sai da na ga an goge babi na gane a wane mataki muke zaune duk shekarun nan muna kiransa haɗa kai da al'umma.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kafin ka karɓi aiki ka tambayi wane hukunci ne sakamakon zai iya canjawa, in aka yi ta kame-kame ka san hatimi ake nema. Ka gwada tambayoyinka a kan mutane na gaske kafin a buga, ba abokan ofis ba. Mutum 1,000 da aka zaɓa yanda ya kamata suna ba ka sakamako da kuskuren kusan maki 3 sama ko ƙasa, don haka kar ka bari a yi biki saboda abu ya tashi da maki 2. Wanda ya ƙi amsa maka shi ma bayani ne, ka rubuta su waye kuma a ina. Kar ka yi zaman tattaunawa da mai faɗa a ji a cikin ɗakin, kowa bakinsa zai bi. Abin da ake ihu a kai a Facebook ra'ayin masu ihu ne. Sannan duk ripot ɗin da ka miƙa ka tura ta imel da kwanan wata ka ajiye kwafinka na asali, ba don faɗa ba, don ranar da za a ce ba ka faɗa ba.

Akwai abu ɗaya da na bari ban gama ba kuma yana damuna. A kowane zama mun gaya wa mutanen za mu dawo mu faɗa musu abin da muka samu da abin da aka yanke, ni da bakina na faɗa saboda yana cikin tsarin aikin an kuma ware masa kuɗi. An karkatar da kuɗin zuwa ƙarin fosta. Na rubuta takarda kafin in tafi na roƙi a yi wannan komawar ko da mutum biyu ne za su je, na haɗa da jerin wuraren da sunan babin da aka cire, na miƙa wa wadda ta gaje ni hannu da hannu. Ta ce za ta gwada, kuma na san za ta gwada, amma sa hannun ba nata ba ne.