Kaduna zuwa Legas ta sama: minti nawa ne a zahiri?

Tsakanin filin jirgin saman Kaduna da na Murtala Muhammed da ke Ikeja akwai kilomita kusan 635, idan an ja layi miƙaƙƙe. Jirgi irin Boeing 737 kuwa yana gudun kilomita 800 da ɗoriya a awa. Shi ya sa za ka ji mutum ya buga lissafi ya ce ai tafiyar minti 45 ce, har ya saka wa mai tarbarsa lokaci a kan haka. Wannan lissafi ba ya fita.

Jirgi ba ya kama cikakken gudunsa sai ya gama hawa, kuma hawan kaɗai yakan ci minti 15 zuwa 20. Sauka ma tun daga nesa ake fara ta: ƙa'idar matuƙa ita ce mil 3 na ruwa (kusan kilomita 5 da rabi) na tafiya ga kowace ƙafa 1,000 da zai sauko, wato jirgin da ke ƙafa 30,000 zai fara gangarowa saura wajen kilomita 165. Ka ga ke nan gudun nan na 800 bai wuce tsakiyar tafiyar ba. Sai ka ƙara lokacin da zai gangara zuwa titin tashi, da layin sauka a Legas, inda jirage ke da yawa. A sama za ka yi kusan awa ɗaya, a tikiti kuma a rubuta awa ɗaya da 'yan mintoci, domin tikiti yana ƙirgawa ne daga motsawar jirgi zuwa tsayawarsa. In mai farfela ne, irin ATR 72 da ke gudun kilomita 500, ka ƙara kusan rabin awa.

Amma inda lokaci ke zurarewa da gaske shi ne a ƙasa. Filin Kaduna yana wajen gari ne, a ƙaramar hukumar Igabi, fiye da kilomita 20 daga tsakiyar birni, ta hanyar Mando. Wanda zai taso daga Barnawa ko Sabon Tasha dole ya ware awa guda. Ka isa saura awa ɗaya da rabi, da katin shaida a hannu, don ana rufe karɓar kaya tun kafin lokacin tashi. Fawa bankinka ya zauna a jakar hannu. In ya shiga babban akwati, za a kira ka ka buɗe.

Sai hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan rufe sararin sama, kuma matuƙi ba zai sauka ba muddin ba ya hango titi daga tazarar da doka ta ƙayyade. Galibi jirgin da zai ɗauke ka daga wani gari yake zuwa, saboda haka in ya kasa sauka, kai ma ba ka tashi. Da damina hadarin yamma ne ke kawo tsaiko. Shawarata, duk mai ganawa da safe a Legas ya tafi tun ana gobe, kada ya jingina da jirgin ranar.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: tashoshin jiragen cikin gida biyu ne a Legas, MMA2 da GAT. Ka duba tikitinka ka faɗa wa mai tarbarka wadda za ka sauka, in ba haka ba kana nan tsaye da kaya shi yana can yana jira.