Lahadi a mashayar unguwa

Yau aka yi wa wata dattijuwa a ofishinmu liyafar ritaya, a pub ɗin unguwarsu, wato mashayar giya, da ke arewacin Landan. Ni ba na shan giya, amma matar nan ta riƙe ni kamar ɗanta tun zuwana Ingila, ƙin zuwa ba zai yi kyau ba. Lemo na sha, na ci kifi da soyayyen dankali.

Ba wanda ke zuwa teburi ya tambaye ka me za a kawo. Kai za ka tashi ka je kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. Ba a yin layi, amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, kuma ba a yi masa gardama. Idan kuna tare, mutum ɗaya ke saya wa kowa, sai na gaba ya karɓa.

Mutanen wurin ne suka fi ɗaukar hankalina. Wani tsoho na kusurwa da jaridarsa, karensa kwance ƙarƙashin kujera, kofi ɗaya ya kai shi la'asar, ba wanda ya ce ya tashi. Mai wurin, wanda a saman benen yake zaune da iyalinsa, da sunansa ya gaishe shi. Can gefe mata da miji da jaririnsu suna cin gasasshen naman Lahadi. Wurin ya bambanta da gidan rawa da mashayar otal. Gidan rawa na matasa ne, da kiɗa da mai gadi a ƙofa. Mashayar otal kuwa ta baƙi ce, yau ka gan su gobe babu. Wannan ta 'yan unguwa ce, hira ce jarinta, kamar teburin mai shayi a gida.

Abin ya daɗe. Tun 1393 Sarki Richard na Biyu ya wajabta wa masu sayar da giya rataya alama a ƙofa, shi ya sa har yau za ka ga allo mai hoton jan zaki ko kambun sarauta. Sigari kuwa an hana sha a ciki tun 2007.

Duk da haka raina bai saki jiki ba, warin giya ya cika ɗakin. Amma na ji tausayin tsohon nan lokacin da aka ce min irin waɗannan wurare suna ta rufewa saboda tsadar haya da wuta. In an rufe wannan, ina zai je ya sami mai ce masa sannu?

Na yi wa dattijuwar addu'a, na kama bas don in sami magariba.