Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohon da Ya Ƙara wa Kansa Shekaru

A makon jiya mun tsaya a inda surukata ta miƙo mini gwangwanin biskit ɗin da take ajiye takardun gidansu, ta ce tunda ni ne mai son bin diddigi, in nemo wa jikokinta asalinsu. Duk abin da dangin matata suka sani game da kakan mahaifiyarta bai wuce wannan ba: ya iso Liverpool yana ƙaramin yaro daga Ayilan, a zamanin babbar yunwa. Daga wane gari? Babu wanda ya sani.

Ni da na taso a Zariya, inda kakata kan jero kakanni bakwai ba ta numfasa ba, na ɗauka wajen Turawa masu rubuta komai aikin yamma ɗaya ne. Ashe takardun ne ma babu. Ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasar Ayilan, ma'adanar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, kuma kusan duk takardun ƙidayar 1821, 1831, 1841 da 1851 sun tafi a gobarar. Na 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata su tun kafin nan. Rajistar haihuwa ta kowa da kowa ba a fara ta ba sai 1864, lokacin tsohon namu har ya yi gemu.

Dole na juyo Ingila, na fara daga inda ya mutu ina komawa baya. A gwangwanin akwai takardar aurensa, ta yi ja, ninkinta ya kusa rabewa. Ta ba ni sunan mahaifinsa da sana'arsa, lebura. Shi ango ko sa hannu bai yi ba, alamar gicciye ya yi a gurbin suna. Na bi ƙidayar Ingila ɗaya bayan ɗaya, kowacce a gurbin mahaifa an rubuta Ayilan kawai. Ba laifin malamin ƙidaya ba ne, abin da aka ce ya tambaya ke nan, kuma a 1851 sama da kashi 20 cikin ɗari na mutanen Liverpool haifaffun Ayilan ne. Cutar da ta ruɓar da dankalin turawa daga 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, ta kori wasu miliyan ɗaya, kuma Liverpool ce tashar Ingila da suka fi sauka.

Ƙidayar 1911 ce ta buɗe ƙofa. A wannan karon takardar da kowane gida ya cike da hannunsa ita aka adana, kuma an nemi gunduma da gari. Da rubutun 'yarsa, mai karkata dama, na ga Mayo, sannan Swinford. Na kira matata daga kicin, ta zo da ludayi a hannu.

Amma ku ji abin dariya. A 1901 shekarunsa 58. A 1911 sun zama 72. Tsoho ya ci shekara 14 a cikin goma! Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a 1908 Birtaniya ta kafa dokar fansho, sule biyar a mako ga talakan da ya kai 70, aka fara biya a Janairun 1909. Wanda aka haifa a Ayilan kafin 1864 ba shi da takardar haihuwa, don haka tsofaffi da yawa suka tsufa dare ɗaya. Da na gaya wa surukata, sai ta ɓata rai.

Na ce, "Mama, ba maƙaryaci na kira shi ba. Mutumin da bai san ranar haihuwarsa ba, in ya zaɓi wadda za ta ciyar da shi, ni ban ga laifinsa ba."

Ta ce, "To, ɗana, rubuta na 1901 a takardar yara."

Na rubuta duka biyun.

Samun gari ba shi ne samun gida ba. A Ayilan ƙasa a rarrabe take zuwa 'yan ƙananan yankuna sama da 60,000, wani ma gonaki kaɗan ne da gidaje biyar, kuma da su ake gane mutum. Abin da ya maye gurbin ƙidayar da ta ƙone shi ne kundin ƙimanta filaye don haraji wanda Richard Griffith ya jagoranta, aka buga tsakanin 1847 da 1864. Yana kawo sunan mai riƙe da fili, da wanda ya ba shi haya, da faɗin filin. Bai san mata da yara ba, sai fa gwauruwar da ke riƙe da gida. Na duba yankin Swinford da sunan mahaifin tsohon, sai ga mutum uku, suna ɗaya, sunan dangi ɗaya, a yankuna uku.

Yawan takwarorin ma al'ada ce ta kawo shi: ɗan fari yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, har ka ga jikoki biyar suna amsa suna ɗaya. Saura rajistar cocin Katolika, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ayilan ya ɗora hotunanta a intanet kyauta a 2015. Da Latin aka rubuta da yawa daga cikinta, da hannun limaman coci masu sauri, tawada ta ratsa daga wannan shafi zuwa wancan. Na yi ta zuƙo hoto har idona ya fara ruwa. A can ake rubuta sunan uwa na gidansu da na waɗanda suka tsaya wa jariri ranar baftisma, kuma waɗannan ne za su raba mini mutum ukun.

Matata ta ce in zaɓi mai filin da ya fi girma mu huta. Na ƙi. Wanda ke da fili mai kyau ba shi ne ya kwashi 'ya'yansa ya hau jirgin Liverpool ba, kuma mai yiwuwa namu ya riga ya bar ƙasar kafin masu awon Griffith su iso, ukun nan 'yan'uwansa ne kawai. Ana cikin haka surukata ta tuna cewa mahaifiyarta kan ambaci wata goggo da ta rage a can, wadda ake aika wa kuɗi duk Kirsimeti, kuma ambulan ɗin wasiƙunta suna wajen ƙanwar surukar tawa a Birkenhead, kusa da Liverpool. Ranar Asabar muka kama hanya. Abin da muka tarar a cikin ambulan ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.