Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Marubucin Labarin Kimiyya a Zauren Taro

Masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya labari ya kawo mu bakin ƙofar taro. Yau zan jingine labarin kaina a gefe, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai an san yadda tarukan masu ƙagaggun labaran kimiyya suke, da abin da marubuci ke zuwa nema a cikinsu.

Babbansu shi ne Worldcon. An fara shi a birnin Niyok na Amurka a 1939 da mutum wajen 200, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da shi daga 1942 zuwa 1945, daga nan ya ci gaba shekara-shekara. Ba shi da mazauni guda. Membobi ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi garin da za a je, shekara biyu kafin lokaci: Helsinki a 2017, Dublin a 2019, Chengdu ta ƙasar Sin a 2023, Glasgow a 2024. Kwana biyar ake yi, kuma 'yan sa-kai ne ke ɗauke da shi tun daga mai rajista har shugaban kwamiti. Wannan magana ta ƙarshe a riƙe ta da kyau, don wanda ka ɗaga wa murya a teburin rajista bai karɓi ko sisi ba, kuma mai yiwuwa shi ne zai tsara jadawalin taron baɗi.

Akwai wasu tarukan, kowanne da halinsa. World Fantasy Convention, wanda aka fara a 1975, ƙarami ne, amma editoci da wakilan marubuta, wato masu sayar wa marubuci littafinsa ga kamfanin ɗab'i, sun fi yawa a cikinsa. Readercon da ake yi a kusa da Boston, littafi zalla ake tattaunawa. Eastercon na Birtaniya yana faɗowa a hutun Ista. Dragon Con na Atlanta kuwa dubun-dubatar jama'a ne da shigar ban mamaki, sabon marubuci yana iya ɓacewa a ciki kamar allura a rairayi. Wanda bai taɓa zuwa ba, ƙaramin taro na mutum ɗari biyar ya fi masa amfani.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Taro ba ya mayar da kuɗinsa ta hanyar sayar da littafi. A ƙaddara littafi mai bangon takarda dala 10 ne, kason marubuci kashi 8 cikin 100, wato senti 80 kan kowane kwafi. A ƙaddara kuma jirgi da otal da abinci da rajista sun ci dala 1,500. Sai an sayar da kwafi 1,875 kafin uwar kuɗi ta dawo, kuma babu sabon marubucin da ke yin haka a kwana biyar. Manyan baƙi na musamman kaɗai ake biya wa jirgi da masauki. Sauran masu hawa teburin tattaunawa da aljihunsu suke zuwa, har rajista su ke biya, sai dai a wasu shekarun a mayar musu da ita in an samu rara. Don haka abin da ake zuwa saya ilimin sana'a ne da sanayya. Wanda ya ci bashi domin ya je, yana tsammanin ciniki zai biya, ya ɗora wa kansa nauyin da ba dole.

Rajista ana yin ta da wuri, saboda farashinta hawa yake yi mataki-mataki yayin da rana ke ƙaratowa. Haka ma ɗakunan otal da kwamiti ya kama da rangwame, sukan ƙare cikin 'yan kwanaki da buɗe su. Mai buƙatar biza ya nemi takardar gayyata daga kwamiti tun watanni da dama kafin lokaci. Wanda kuma tafiyar ba za ta yiwu masa ba, akwai ƙaramar rajistar Worldcon ta wajen dala 50 da ke ba shi ikon zaɓe daga gida a kyautar Hugo, wadda ake ba fitattun labaran shekara a wannan taro.

Yanzu ga inda aikin yake. Watanni shida zuwa tara kafin taro, kwamitin tsare-tsare kan fitar da fom ga masu son a saka su a jadawali. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya zaɓi kowane maudu'i da ke jerin, ya rubuta a ƙarƙashin kowanne cewa yana da sha'awa. Mai tsara jadawali yana da ɗaruruwan irin wannan amsa a gabansa, ba abin da zai yi da ita. Abin da yake nema shi ne dalilin da zai sa ya zaunar da kai a wannan kujera. A ce maudu'in shi ne rayuwa a cikin kumbon da zai yi shekara ɗari yana tafiya. Ma'aikaciyar jinya da ta rubuta cewa ta shekara goma tana aikin dare, ta san abin da rashin ganin rana ke yi wa barci da hankalin mutum, ta riga ta samu kujera, ko da labari ɗaya tak ta taɓa bugawa. Maudu'i biyar ko shida da ka sani da gaske, da jimla biyu-biyu masu nama, sun isa. A kuma faɗi gaskiya kan ranar isowa da ranar tafiya, don ba abin da ke ɓata suna kamar kujera ta zauna babu kowa, ga sunanka a rubuce a gabanta.

Zaman tattaunawa awa guda ake rubutawa, amma minti 50 ne, saboda sai an fita kafin na gaba su shigo. A cire minti 10 zuwa 15 na tambayoyin masu sauraro. Abin da ya rage a raba shi tsakanin mutum huɗu ko biyar da mai jan ragama, za ka ga rabonka bai wuce minti bakwai ko takwas ba. Saboda haka magana uku ake shiryawa, kowacce da misalinta, a rubuta su a ƙaramin kati. Ana zuwa ɗakin jiran masu jawabi minti 15 kafin lokaci, a gaisa, a ji inda mai jan ragama zai fara. Gabatar da kai rabin minti ne: suna, littafi guda, da abin da ya haɗa ka da maudu'in. A ɗaga littafin sau ɗaya a ajiye.

Za ka ga wani ya jera littattafansa takwas a gabansa kamar katanga, ko me aka tambaye shi sai ya karkato da amsar zuwa babi na uku na littafinsa. Duba fuskokin mutanen layin gaba a lokacin: kawuna sun sunkuya kan wayoyi. Wanda ake fita ana neman littafinsa shi ne wanda ya ambaci aikin wasu marubuta biyu ko uku da zuciya ɗaya, ya juya ya tambayi wadda ke gefensa da ba ta samu magana ba, ya yi shiru lokacin da ba shi da abin cewa. Mutane sun ji yadda kansa ke aiki, sai su so su ga me wannan kai ya haifa a takarda. A ganina tallan kai na ƙwarai ke nan, kuma ban san wani da ya fi shi ba. Makirfo kuma a riƙe shi kusa da baki, tazarar yatsu huɗu. Kar ka ce muryarka ta isa, akwai masu ƙarancin ji a zauren da suka dogara da na'urar.

Karatu a bainar jama'a wata sana'a ce daban. Akan ba da minti 20 ko 30. Mutum na karanta kalma 130 zuwa 150 a minti in bai yi gaggawa ba, don haka a zaman minti 20, kalma 2,000 ta isa, sauran lokacin na gabatarwa ne da tambaya. A zaɓi fage mai mutum biyu ko uku, wanda bayanin shimfiɗarsa bai wuce jimla biyu ba. Fagen da sai an yi bayanin daular taurari da tarihin yaƙinta kafin a gane shi, kunne ba ya iya riƙe shi. A buga da manyan haruffa, da tazara tsakanin layuka, da lambar shafi, don takarda na iya zubewa. A gwada da agogo sau uku a gida da murya a fili, nan ne za ka gano sunan da ka ƙirƙira amma harshenka ba ya iya furta shi. A tsaya a inda rai ke son ci gaba. In mutum uku suka zo, a jawo kujeru kusa a karanta musu kamar zauren cike yake. Su ukun nan sun bar abubuwa ashirin da ake yi a wannan awa suka zaɓe ka.

Akwai kuma zaman da suke kira da kalmar Jamusanci, kaffeeklatsch: mutum takwas zuwa goma a teburi guda da marubuci ko edita, ana hira ta awa ɗaya. Ana rubuta suna tun kafin lokaci, kuma takardar kan cika da wuri. Ga sabon shiga, wannan ya fi kowane zama daraja, don a nan edita zai faɗi abin da ya gaji da gani a akwatinsa da abin da yake ƙishirwa.

Littattafan sayarwa, kwafi goma sun isa. Takarda nauyi gare ta, kuma jakar jirgi kilo 23 ce a mafi yawan tikiti. A rubuta wa ɗaya daga cikin masu shagon littafi da za su kasa kaya a zauren 'yan kasuwa tun wata guda kafin taro, a roƙe shi ya ajiye maka a teburinsa. Yawanci yakan ɗauki wajen kashi 40 cikin 100. A rubuta adadin a takarda, ku biyu ku sa hannu, a dawo kafin a rufe zauren ranar ƙarshe. A lura kuma, a wasu ƙasashe bizar ziyara ba ta ba mutum izinin yin ciniki da kansa. Wajen sa hannu a littafi, a tambayi yadda ake rubuta sunan mutum komai sauƙinsa.

Editoci da wakilai ana samunsu da yamma a falon otal, inda rabin harkar taron ke gudana. Ba a miƙa musu rubutu a hannu, ba a bin su lungu, ba a katse su suna cin abinci. Cusa kai ba kwarjini ba ne. In hira ta yi daɗi, su da kansu za su tambayi abin da kake rubutawa, sai ka ba da amsa cikin jimla biyu: wane ne, me yake so, me ya tare masa hanya. In an ce ka turo, ka turo ta hanyar da suka shimfiɗa a ƙa'idarsu, ka ambaci taron a layin farko. Kuma kar a tallata littafin da ba a gama ba, don gayyatar takan huce kafin a kammala. Wakili na gaskiya kashi 15 cikin 100 yake ɗauka bayan ya sayar, ba ya karɓar kuɗin karatu. Duk wanda ya ce ka fara biya, a duba sunansa a Writer Beware, masu bin diddigin 'yan damfarar marubuta tun 1998.

A waɗannan hirarraki ne ake tsintar ilimin da ba a koyarwa a aji. Cewa ƙungiyar marubuta ta SFWA, wadda aka kafa a 1965, ta ɗaga ma'aunin biyan ƙwararru zuwa senti 8 kan kowace kalma a 2019. Cewa kyautar Hugo, da aka fara bayarwa a 1953, tana raba labarai da tsawonsu: ƙasa da kalma 7,500 gajere ne, sai aji na biyu zuwa 17,500, na uku zuwa 40,000, abin da ya haura nan cikakken littafi ne. Cewa kyautar Astounding ta sabon marubuci shekara biyu kacal ƙofarta ke buɗe daga bugun farko na ƙwararru, mutane da yawa kuma sai ta rufe suke ji. A nan ne kuma za ka haɗu da waɗanda suka yi horon Clarion na mako shida, su gaya maka yadda ake zama da'ira kowa ya yi wa labarinka fiɗa minti biyu ko uku, kai kuwa bakinka a rufe har a gama.

Jiki ma yana da haƙƙi. Tsofaffin 'yan taro suna da ƙa'idar 6-2-1: barcin awa shida, cin abinci sau biyu, wanka sau ɗaya, kowace rana. Wanda ya karya ta, ranar ta uku murya ta dishe, fuska ta yamutse, ga mura da ke bin taron jama'a tana jira. A riƙa yawo da gorar ruwa, a karanta dokokin ɗa'a na taron tun kafin a iso, a bar awa guda kullum ta zaman shiru a ɗaki.

Kowane dare kafin a kwanta, a rubuta sunayen waɗanda aka yi hira da su da abin da aka tattauna, layi ɗaya-ɗaya, don ranar ƙarshe fuskoki sun cakuɗe. Cikin mako guda da komawa gida a aika musu gajeren saƙo, ba da roƙon komai ba: ga sunan littafin nan da na ce zan turo miki, na ji daɗin abin da ka faɗa kan kaza. Mai tsara jadawali ma a gode masa. Rasit na jirgi da otal da rajista a haɗa su a ambulan guda, a rubuta jimillar a bayansa, a ajiye kusa da jerin sunayen.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga teburin rajista.